Zafin Ƙarƙashin Ƙasa a Nguru da Gashuwa: Arzikin da Doka Ba Ta Faɗi Mai Shi Ba

Tun daga watan Maris na shekarar 2023, lokacin da aka gyara tsarin mulkin Nijeriya aka bai wa jihohi ikon samar da wutar lantarki da rarraba ta a cikin iyakokinsu, kowace jiha ta shiga lissafin abin da Allah Ya hore mata wanda za a iya mayar da shi makamashi. Jihohin kudu suna da iskar gas, na tsakiya suna da manyan koguna. A arewacin Jihar Yobe kuwa, inda garuruwan Nguru da Gashuwa suke, abin da ido ke gani shi ne rana. To amma akwai abu na biyu da masana ilmin ƙasa suka daɗe suna ambatawa a cikin rubuce-rubucensu, wato zafin da ke cikin ƙasa kanta. Tambayar da ta shafi ɗan kasuwa a nan kashi biyu ce: yaya yawan wannan zafi yake, kuma idan mutum ya zuba dukiyarsa ya haƙo shi, a wurin wa zai nemi izini? Ta farko ana iya ƙiyasta amsarta. Ta biyun kuwa, har yanzu Nijeriya ba ta da wata doka ta musamman da ta amsa ta.

Garuruwan biyu, waɗanda kimanin kilomita 65 ke tsakaninsu, ba baƙin ciniki ba ne. Nguru ita ce ƙarshen layin dogon da ya taso daga Kano, wanda ya iso garin a 1930, kuma ta wannan layi aka yi shekaru ana lodin gyaɗa da ƙaro da ƙiraga da shanu zuwa kudu. Gashuwa, fadar Mai Bade, tana bakin kogin Yobe, kuma shinkafa da kifi su ne ƙashin bayan kasuwarta. Kusan duk sana'ar da ke kawo kuɗi a yankin tana cin wuta ko itace: turara shinkafa da casar ta, bandar kifi, matsar mai, yin ƙanƙara, tura ruwa zuwa gonakin rani. Yankin yana ƙarƙashin kamfanin rarraba wutar lantarki na Yola, kuma yana can kusa da wutsiyar layukan da suka ratso ɗaruruwan kilomitoci kafin su iso. Kowa ya ga abin da ya sami Maiduguri bayan da aka karya turakun layin da ke kai mata wuta daga Damaturu a watan Janairun 2021, har sai da kamfanin NNPC ya gina mata tashar gaggawa mai megawat 50 da aka buɗe a 2023. Kowa kuma yana tune da duhun da ya rufe yawancin jihohin Arewa na kwanaki a watan Oktoban 2024. Saboda haka duk wata magana ta makamashin da za a samu a gida, ba tare da jiran dogon layi ko tankar man dizal ba, tana samun masu sauraro.

Yadda abin yake a ƙarƙashin ƙasa

Ƙasa tana ƙara zafi ne gwargwadon yadda aka nutsa cikinta. A yawancin sassan duniya, kowace kilomita ɗaya ta zurfi tana ƙara digiri 25 zuwa 30 a ma'aunin Salshiyas. Inda ɓawon ƙasa ya tsage, ko inda duwatsu masu aman wuta suke, zafin yakan matso kusa da sama, ya dafa ruwan da ke cikin duwatsu har ya zama tururi. Wannan tururi ake haƙowa a juya injin da ke ba da wutar lantarki. A garin Larderello na ƙasar Italiya aka fara gwada haka a 1904, kuma a yau tashoshi irin waɗannan a duk duniya suna da ƙarfin kimanin megawat 16,000, inda Amurka da Indunusiya suke kan gaba.

Nijeriya ba ta da ko tasha ɗaya. Abin da take da shi alamu ne: maɓuɓɓugar Wikki da ke Yankari a Jihar Bauchi, mai ɗumin digiri 31, Ikogosi a Jihar Ekiti, Ruwan Zafi na Lamurde a Jihar Adamawa da na Akiri a Jihar Nasarawa, waɗanda suka haura digiri 50, sai kuma tsofaffin duwatsun aman wuta na tsaunukan Biu da na Jos, waɗanda suka daɗe da mutuwa.

Nguru da Gashuwa suna kan abin da masana ke kira Kwarin Tafkin Cadi, wani makeken kwari da yashi da yumɓu suka cika a cikin miliyoyin shekaru. Kwarin kamar akushi yake. Tsakiyarsa mai zurfi tana gabas, wajen tafkin, inda kaurin yashi da yumɓun ya kai kilomitoci da dama, amma idan aka nufo yamma sai ya yi ta raguwa har dutsen gindi ya leƙo sarari, kamar yadda ake gani a duwatsun Machina, arewa maso yammacin Nguru. Wato Nguru tana kusa da leɓen akushin, Gashuwa ta ɗan fi ta shiga ciki, Gaidam kuma ta fi su duka. Wannan bambanci yana da muhimmanci ga mai zuba jari, domin ruwan zafi yana taruwa ne a cikin shimfiɗun yashi masu zurfi, kuma inda shimfiɗun suka yi siriri, zafin da za a samu kafin a ci karo da dutse kaɗan ne.

Ma'aunin zafi mafi inganci da ake da shi a kwarin ya fito ne daga neman man fetur. Kamfanin NNPC ya haƙa rijiyoyi 23 a ɓangaren Nijeriya na kwarin kafin a dakatar da aikin a wancan zagaye, akasarinsu a cikin Jihar Borno ta yanzu, kuma abin da ya samu shi ne alamun iskar gas a biyu daga cikinsu, Wadi da Kinasar. Man bai samu ba, amma an auna zafin gindin rijiyoyin, kuma nazarin da aka yi a kansu ya nuna cewa a wurare da dama zafin yana ƙaruwa da digiri 3 zuwa 4 a kowace mita 100, abin da ya ɗara matsakaicin na duniya. Bugu da ƙari, daga tsakiyar shekarun 2000 Hukumar Binciken Albarkatun Ƙasa ta Nijeriya, wato NGSA, ta sa aka auna maganaɗisun duwatsun ƙasar nan daga jirgin sama. Da yake dutse yakan rasa maganaɗisunsa idan zafi ya kai wajen digiri 580, malaman jami'o'i suna amfani da waɗannan taswirori su ƙiyasta zurfin da zafin ya kai haka, daga nan su lissafo yadda yake hauhawa. Hanya ce mai amfani wajen nuna inda ya kamata a duba. Sai dai ƙiyasi ne daga nesa, kuma babu bankin da zai ba da rance a kan taswira alhali ba a zura ma'auni a cikin rijiya ba.

Lissafin da ke rage zumuɗi

Mu ɗauka cewa zafin ƙasar yankin a kusa da sama digiri 30 ne, kuma yana ƙaruwa kamar yadda aka gani a rijiyoyin Borno. A zurfin kilomita ɗaya za a sami ruwa mai digiri 60 zuwa 70. Kafin a kai digiri 150, wanda daga nan ne maganar wutar lantarki ke fara yin ma'ana ga ɗan kasuwa, sai an nutsa kilomita uku zuwa huɗu, kuma rijiya guda mai irin wannan zurfi tana cin miliyoyin dalolin Amurka, ko an dace ko ba a dace ba.

Gaskiya ne cewa akwai injunan zamani da ke samar da wuta daga ruwan da bai tafasa ba, inda ake amfani da zafinsa a tafasa wani sinadari mai saurin tafasa. Misalin da aka fi kawowa shi ne na Chena a jihar Alaska ta Amurka, inda tun 2006 ake samun wuta daga ruwa mai digiri 74 kacal. Abin da masu kawo misalin ba su cika faɗa ba shi ne, irin wannan inji yana aiki ne da ratar da ke tsakanin zafin ruwan rijiya da sanyin abin da ake huce shi da shi, kuma a Chena ruwan sanyayawar bai wuce digiri huɗu ko biyar ba. A Nguru, inda zafin bazara ke haura digiri 40, ruwa mai digiri 70 ba zai ba da fiye da kashi 9 cikin 100 na zafinsa a matsayin wuta ba ko da a lissafin takarda, a aikace kuwa abin da za a samu bai kai rabin haka ba, kuma famfon da ke janyo ruwan zai cinye wani kaso. A yankin da yake cikin mafi samun hasken rana a duk Nijeriya, ga farantan sola suna ta araha, da wuya a ga wanda zai haƙa kilomita guda don wutar da zai iya samu a kan rufin shagonsa.

Wannan bai rufe maganar ba, domin yawancin abin da masu sana'a ke ƙona itace saboda shi zafi ne kawai. Mai turara shinkafa yana jiƙa ta ne a ruwa mai digiri 60 zuwa 70 kafin ya turara. Busar da kifi da tattasai da albasa a cikin rufaffen ɗaki yana yiwuwa da iska mai irin wannan zafi. Madara tana tsarkaka daga ƙwayoyin cuta idan aka riƙe ta a digiri 63 na rabin sa'a. Masu ƙyanƙyasar tarwaɗa sun san yadda sanyin hunturu ke tsayar musu da aiki, alhali ruwa mai ɗumin digiri 28 zuwa 30 ne kawai 'ya'yan kifin ke bukata. Majema ma tana shan ruwan ɗumi. Alal misali, rijiyar da ke ba da lita 10 a daƙiƙa, idan aka zuƙe zafin ruwanta daga digiri 65 zuwa 40, tana ba da kimanin megawat ɗaya na zafi dare da rana, wanda ya yi daidai da zafin da ke cikin tan 6 na busasshen itace a kowace rana. Ga jihar da rairayi ke cin garuruwa a ƙananan hukumomin Yusufari da Yunusari da Machina, tan shida na itace a kullum ba abin rainawa ba ne. Rijiya kuma ba ta san dare ba, ba ta san hazon hunturu ko hadarin damina ba, kuma a nan ne ta fi rana.

Ƙasar da ta fi kama da wannan hali ita ce Tunisiya, ba Kenya ba. A kudancinta, musamman yankin Kebili, ana haƙo ruwa daga zurfin hamada yana fitowa da zafin digiri 60 zuwa 70, har sai an huce shi kafin a shayar da dabino. Tun daga shekarun 1980 sai aka fara bi da ruwan ta cikin bututu a rumfunan leda kafin ya isa gona, yana ɗumama su a daren hunturu, kuma da haka manoman yankin suke fitar da tumatir da sauran kayan lambu zuwa Turai a lokacin da suka fi tsada. Ba su samar da wuta da shi ba, amma sun mayar da zafin da a da ake zubarwa ya zama kuɗi.

Ƙofofi da yawa, babu mai gida

A nan ne ɗan kasuwar da ya gamsu da lissafin zai gamu da cikas. A ce wani mai injin casar shinkafa a Gashuwa ya yanke shawarar haƙa rijiya mai zurfi don ya sami ruwan zafi, ya kuma sayar wa maƙwabtansa masu sana'a. Filin da zai haƙa yana ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, ta bar wa ƙaramar hukuma rabon filayen karkara. Abin da ke ƙarƙashin filin kuwa wani zance ne. Sashe na 44 na tsarin mulkin 1999 ya mallaka wa Gwamnatin Tarayya dukkan ma'adinai da man fetur da iskar gas, kuma haƙar ma'adinai da binciken ƙasa suna cikin jerin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka. To shin zafi ma'adini ne? Ba dutse ba ne, ba mai ba ne, ba gas ba ne. Idan aka ce ma'adini ne, sai mutumin ya nufi ofishin rajistar haƙar ma'adinai a Abuja a ƙarƙashin dokar 2007, wadda aka tsara don masu haƙar zinariya da kuza da farar ƙasa. Idan aka ce ruwa ne, sai dokar soja mai lamba 101 ta 1993 ta shigo, wadda ta bai wa Gwamnatin Tarayya iko da ruwan sama da na ƙarƙashin ƙasa da ya shafi jiha fiye da ɗaya, ta bar wa mutane ɗiba don sha da shayar da dabbobi, amma ta sa sharaɗin lasisi ga mai ɗiba don kasuwanci. Ruwan Kwarin Cadi kuwa jihohi ya ratsa har da ƙasashe, shi ya sa Hukumar Tafkin Cadi, wadda aka kafa a 1964, ita ma take da yarjejeniyar ruwa da shugabannin ƙasashen suka amince da ita a 2012.

Ba a nan ƙofofin suka ƙare ba. Idan aikin babba ne, akwai dokar nazarin illa ga muhalli, mai lamba 86 ta 1992. Idan rijiyar ta yi zurfi har ta ci karo da iskar gas, abin da ba zai zama abin mamaki ba a kwarin da aka riga aka ga alamunta, to ta faɗa hurumin Dokar Masana'antar Man Fetur ta 2021 da hukumar NUPRC. Idan kuma ya sami zafin da zai iya ba da wuta, sai Dokar Wutar Lantarki ta 2023, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yuni na shekarar, ta ce ya nemi lasisi daga hukumar NERC matuƙar abin ya wuce megawat ɗaya, ko kuma daga hukumar jiha a jihohin da suka kafa tasu aka miƙa musu iko. Wato jiha tana iya ba shi izinin sayar da wuta, amma ba ta da tabbacin cewa tana iya ba shi izinin taɓa zafin da zai samar da wutar.

Ba wai gwamnati ba ta san da zancen ba. Manufar makamashi ta ƙasa ta 2003, wadda Hukumar Makamashi ta Nijeriya ta tsara, ta ambaci zafin ƙarƙashin ƙasa, haka ma manufar makamashi mai sabuntawa ta 2015. Amma manufa niyya ce, ba ta ba kowa takardar da zai kai banki. Ƙudurin dokar albarkatun ruwa, wanda da zai iya fayyace wani ɓangare na lamarin, ya yi ta kai da kawowa a Majalisar Tarayya tun 2018 saboda zargin cewa zai ƙwace wa jihohi ruwansu da gaɓar kogunansu, har Majalisar Dattijai ta yi watsi da shi a 2023. Babbar damuwar mai jari a irin wannan yanayi ita ce maƙwabci. Idan ya kashe kuɗi ya gano ruwan zafi, babu abin da zai hana wani ya haƙa tasa rijiyar a bayan katanga ya zuƙi daga tafki ɗaya, ba tare da ya ɗauki kasadar ko kwabo ba.

An taɓa ganin irin wannan a kwarin, kuma da ruwan zafin ne ma. Daga shekarun 1950 aka fara haƙa rijiyoyin burtsatse masu zurfi a Lardin Borno, aka sami wata shimfiɗar yashi a zurfin ɗaruruwan mitoci wadda ruwanta ke tunkuɗo kansa sama ba tare da famfo ba, yana fitowa da ɗumin da ke kai digiri 40 ko ya ɗan wuce. Sunan unguwar Ruwan Zafi a Maiduguri shaida ne. An haƙa su da yawa don mutane da dabbobi, aka bar da dama suna kwarara dare da rana babu makulli. Tun a 1968 wani rahoto da masanan Nijeriya da na Amurka suka haɗu suka rubuta ya duƙufa a kan tsawon lokacin da wannan tunkuɗowa za ta ɗore. Ƙarfin ya yi ta raguwa, kuma rijiyoyi da yawa da a da suke ambaliya yanzu sai da famfo. Ruwa ne da ya taru tun dubban shekaru, wanda damina ba ta mayar da shi da saurin da ake ɗibarsa. Duk wata harkar ruwan zafi da ba ta tilasta a mayar da ruwan cikin ƙasa bayan an zuƙe zafinsa ba, ko aƙalla a ƙayyade yawan ɗiba, za ta bi sawun waɗancan rijiyoyi.

Yadda wasu suka warware

Kenya ta kunna injinta na farko a Olkaria a 1981, mai megawat 15, kuma a shekarar da ta biyo baya ta kafa dokar da ta ce duk zafin da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnati ne, ta kuma fayyace yadda ake neman izinin bincike da lasisin haƙa. Duk da haka ci gaban ya yi ta jan ƙafa, saboda babu kamfanin da ke son ɗaukar kasadar rijiyoyin farko. A 2008 sai gwamnati ta kafa kamfanin GDC, wanda aikinsa shi ne ya haƙa da kuɗin hukuma, idan ya sami tururi ya sayar wa masu gina tasha, kamar yadda aka yi a Menengai kusa da Nakuru. Dokar makamashi ta 2019 ta ƙara da rabon kuɗin fito: kashi 75 cikin 100 na gwamnatin tsakiya, 20 na gunduma, 5 na al'ummar wurin. A yau Kenya tana da kusan megawat 1,000 daga wannan hanya, kimanin kashi 40 cikin 100 na wutar da take samarwa. Ba a rasa ƙura ba: tashin da aka yi wa wasu ƙauyukan Masai a 2014 don faɗaɗa Olkaria ya kai ga ƙara a gaban kwamitin bincike na Bankin Duniya. Kenya dai tana kan babban tsagin ƙasa na Gabashin Afirka, inda tururi ke wuce digiri 200, don haka dokarta abin koyi ce, amma alƙalumanta ba na Yobe ba ne.

Indunusiya ta yi kuskuren da Nijeriya za ta iya faɗawa. Dokarta ta 2003 ta lissafa harkar a cikin haƙar ma'adinai, sai ya zama an haramta ta a cikin gandun dajin da aka keɓe, inda mafi yawan arzikin yake, har sai da aka sake doka a 2014 aka cire ta daga wannan aji. Turkiyya kuwa, bayan dokarta ta 2007 da tabbataccen farashin sayen wuta da ya biyo baya, ta tashi daga 'yan megawat kaɗan zuwa kimanin 1,700. Amma wadda ta fi dacewa da halin arewacin Yobe ita ce dokar Habasha ta 2016, wadda ta raba arzikin gida biyu: mai zafin da zai ba da wutar lantarki, da wanda za a yi amfani da zafinsa kai tsaye. Hikimar rabon a fili take. Bai kamata mai busar da kifi a Gashuwa ya bi layi ɗaya da kamfanin da zai gina tasha mai megawat 100 ba. A ganinmu, ajin farko ya zauna a hannun Tarayya, na biyun kuma a bar wa jihohi, da sharaɗin rajistar kowace rijiya, da tazara tsakanin rijiyoyi, da iyakar ɗiba.

Akwai kuma batun abin da ruwan ke ɗauke da shi. Ruwan da ya daɗe cikin zafi a zurfin ƙasa yakan narkar da gishiri da sinadarai, wasunsu masu illa ga lafiya, kuma rijiyar da ba a yi mata kyakkyawan bututu da siminti ba tana iya haɗa shi da ruwan sama-sama da jama'a ke sha. A Gashuwa, inda yawan ciwon ƙoda ya daɗe yana tayar da hankalin jama'a da hukumomi, ba za a karɓi duk wani aiki da ya taɓa ruwan sha da wasa ba, kuma daidai ne. Haka nan fadamun Haɗejiya da Nguru, waɗanda tafkin Nguru da mashigin Marma da ke cikinsu suka zama wuri na farko a Nijeriya da aka sa cikin yarjejeniyar Ramsar a 2000, sun riga sun sha wuya daga madatsun Tiga da Challawa da kuma ciyawar kacalla da ta toshe hanyoyin ruwa. Zuba musu ruwan zafi mai gishiri zai zama ƙarin ciwo a kan masunta da makiyaya da manoman rani. Asusun amintattu na kwarin Haɗejiya, Jama'are da Komadugu Yobe, wanda jihohi shida suka kafa a 2006 kuma yake da ofishi a Damaturu, wuri ne da ya dace a ajiye irin wannan magana a kan tebur tun kafin injin haƙa ya iso.

Abin da za a iya yi da kuɗi kaɗan

Samun doka daga Majalisar Tarayya aiki ne na shekaru. Kafin nan akwai abin da bai fi ƙarfin jiha ba. A kowace shekara gwamnati da ƙungiyoyin agaji da masu hali suna haƙa rijiyoyin burtsatse a arewacin Yobe, kuma zura ma'aunin zafi a cikin rijiyar da aka riga aka haƙa bai kai kuɗin buhunan simintin da ake zuba mata ba. Da za a sa wa 'yan kwangila sharaɗin su rubuta zurfi da irin ƙasar da suka ratsa da zafin ruwa da ɗanɗanonsa a ma'auni, su miƙa wa ofishi guda, cikin 'yan shekaru za a sami taswirar da ta fi ta jirgin sama amfani ga mai jari. Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, wadda aka kafa a 2013, da shirin raya yankin hamada na NEAZDP da ke Garin Alkali tun 1990, suna nan a wurin, kuma ko wannensu zai iya riƙe wannan rumbu.

Na biyu shi ne bayanan neman mai. Dokar 2021 ta ware kaso na ribar kamfanin NNPC don bincike a kwaruruka irin na Cadi, kuma a watan Mayun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da sabon haƙa a Wadi, cikin Jihar Borno. Kowace rijiyar mai ana auna zafinta, kuma wadda ba a sami mai a cikinta ba yawanci toshe ta ake yi da siminti a tafi. A wasu ƙasashe ana gwada mayar da irin waɗannan rijiyoyi na ruwan zafi, tunda an riga an biya kuɗin haƙa, wanda shi ne mafi nauyi. Gwamnonin Arewa maso Gabas suna da dandalin da suke taruwa a kai a kai, kuma buƙatar a buɗe wa jami'o'i da masu jari ma'aunin zafin tsofaffin rijiyoyin nan 23, a kuma duba kowace sabuwa kafin a toshe ta, buƙata ce da ba ta cin kasafin kuɗin kowa. Asusun rage kasadar haƙa da Tarayyar Afirka ta kafa a 2012 tare da taimakon Jamus da Tarayyar Turai an tsara shi ne don ƙasashen Gabashin Afirka, saboda haka mai neman irin wannan tallafi daga Yobe sai ya je da alƙaluman rijiyoyinsa a hannu kafin a saurare shi.